Tashin Kasuwar Hannayen Jarin Najeriya a Shekarar Korona: Kumfa ko Rashin Mafita?

Tsakure

A 2020 tattalin arzikin Najeriya ya ja baya da kusan kashi 2 cikin ɗari, amma ma'aunin farashin hannayen jari a kasuwar Legas ya ƙaru da kashi 50. Maƙalar ta bi alƙaluman kasuwar tare da matakan Babban Bankin Najeriya, ta kuma nuna cewa faɗuwar kuɗin ruwa ce ta tura kuɗi kasuwar, ba bashin banki ba kamar yadda aka gani a 2008.

Faɗuwa da tashi

Ma'aunin ya rufe 2019 a kan maki 26,842. An samu mai korona na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020. Kafin ƙarshen Maris an rufe zauren ciniki, dillalai suka koma saye da sayarwa ta kwamfuta daga gida, aka kuma kulle Legas da Ogun da Abuja. A Afrilu gangar ɗanyen mai ta faɗi ƙasa da dala 20, ma'aunin kuma ya gangaro ƙasa da maki 21,000. Duk wannan bai bambanta da abin da ya faru a Amurka ba, inda ma'aunin S&P 500 ya zubar da kashi 34 cikin mako biyar.

Abin da ya biyo baya ne ke buƙatar bayani. Ranar 12 ga Nuwamba farashi ya haura kashi 5 cikin 'yan sa'o'i, har aka tsayar da ciniki na rabin awa, karo na farko tun da aka kafa wannan doka a 2016. Shekarar ta ƙare a kan maki 40,270.

Daga ina kuɗin suka fito?

Tushen al'amarin ya girmi annobar. A Oktoba 2019 Babban Banki ya hana ɗaiɗaikun mutane da kamfanonin cikin gida, har da masu kula da kuɗin fansho, sayen takardun da yake sayarwa don janye rarar kuɗi daga kasuwa. Da wa'adin tsofaffin takardun ya riƙa cika, sai kuɗin suka yi ta dawowa hannun masu su. Kowa ya ruga takardun lamuni na gwamnati, ribarsu ta ruguzo daga sama da kashi 10 zuwa ƙasa da kashi 1, alhali hauhawar farashi ta kai kashi 15.75 a Disamba. Mai ajiye naira dubu ɗari a irin wannan takarda ba zai ga ko naira dubu ba bayan shekara. Dala kuwa ta yi wuya. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki: hannun jarin bankuna da kamfanonin siminti, masu raba riba duk shekara, su ne kaɗai suka rage.

Kwatanci da 2008

A Maris 2008 ma'aunin ya haura maki 66,000, galibi da kuɗin da bankuna suka ranta wa mutane don sayen hannun jari, wani lokaci ma na bankin da ya ba da rancen. Da farashi ya karye sai bashin ya zauna a wuyan bankunan, abin da ya kai gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ga sauke shugabannin bankuna biyar a Agusta 2009. A 2020 masu saye da kuɗinsu suka saya, shi ya sa kiran tashin kumfa, a ganin mai wannan nazari, bai dace ba. Shaida ita ce 2021: kuɗin ruwa ya ɗaga, kasuwar ta yi sanyi, amma ba ta fashe ba, har ta ƙare shekarar da ƙarin kusan kashi 6.

Sai dai kashi 50 ɗin nan yana da ruɗi. Siminti na Dangote da na BUA, da MTN da Airtel, su huɗu sun riƙe fiye da rabin darajar kasuwar, saboda haka ma'aunin motsinsu yake bi. An kuma karya darajar naira daga 307 zuwa 379 kan kowace dala a cikin shekarar, don haka wanda ya shigo da dala bai ci ribar da alƙaluman naira suka nuna ba.