Wa ke riƙe da sufurin Kano?



In ka hau mota daga tashar Wudil ka sauka a Mariri, abin da zai fara tare ka shi ne Adaidaita Sahu. To, daga ina sunan ya fito? Sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta kawo baburan masu ƙafa uku a 2005 don ɗaukar mata. A lokacin 'yan acaɓa ne ke riƙe da gari.

A 2012 gwamnatin Kwankwaso ta kafa KAROTA. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa a birni, sai Adaidaita ta gaje titi.

Ka ga yadda abin yake: hukuma na riƙe da doka, rajista da tara, amma baburan na 'yan kasuwa ne. Shi ya sa da direbobi suka tafi yajin aiki a Fabrairun 2021 kan harajin naira 100 kullum, Kanawa suka koma takawa a ƙasa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.