Abin da ke riƙe jirgi a kan ruwa, da abin da ke kifar da shi

A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutum sama da 150 ya nitse a kogin Neja kusa da Warrah ta jihar Kebbi. A watan Yunin 2023 wani ya kife a yankin Patigi na jihar Kwara, inda fiye da mutum 100 suka rasu a hanyar dawowa daga biki. Bayan kowane irin wannan hatsari ana ambaton lodi fiye da kima. Ilimin fiziks yana bayyana yadda lodin ke yin kisa, da kuma inda iyakarsa take.

Me ke ɗaga jirgi?

Duk abin da aka sa cikin ruwa sai ya ture wani ruwan ya zauna a gurbinsa. Ruwa kuma yana tunkuɗa shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Masanin Girka Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya bayyana wannan ƙa'ida.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita ɗaya ta ƙarfe kuwa ta kusa kilo 8. Shi ya sa dunƙulen ƙarfe ke nitsewa. Amma idan aka ƙera shi ya zama tasa mai faɗi, zai ture ruwan da ya kai nauyinsa tun kafin ruwa ya iso bakinsa, sai ya tsaya a sama kamar ƙwarya. Jirgi ma haka yake.

Yaya lodi ke cin jirgi?

Duk kilo ɗaya da aka ƙara, dole jirgin ya ƙara lumewa har ya ture ƙarin lita ɗaya. A ɗauki misalin jirgi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 2: kowane kilo 200 zai lumar da shi santimita ɗaya. Ƙarin fasinja 30 masu kilo 60 kowannensu kilo 1,800 ke nan, wato santimita 9. A haɗa da babura da buhunan hatsi, tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa sai ta rage ƴar kaɗan. Wannan tazara ita ce garkuwar jirgi. Idan ta ƙare, ƙaramar igiyar ruwa ko karo da kututture sun isa.

Me ya sa yake kifewa tun bai cika ba?

Nauyin jirgi da kayansa yana aiki ne kamar an tattara shi wuri guda, wanda ake kira cibiyar nauyi. Idan cibiyar tana ƙasa, jirgin da ya karkata zai koma daidai da kansa, domin gefen da ya lume yana samun ƙarin tunkuɗa. Idan aka jibga kaya sama, ko fasinjoji suka miƙe tsaye, cibiyar ta hau, ƙarfin komawar ya ragu. Mafi muni shi ne a firgita a ruga gefe guda.

Ruwan da ya shiga cikin jirgi ma abin tsoro ne ko da kaɗan ne. Yana gangarawa gefen da ya karkata ya ƙara danna shi. Saboda haka kwarfe ruwa aiki ne na gaggawa.

Rigar kariya fa?

Nauyin jikin mutum ya kusa daidai da na ruwan da yake turewa, don haka tunkuɗar kilo kaɗan ta isa ta riƙe kansa a sama. Rigar kariya tana ture ruwa mai yawa alhali ba ta da nauyi. Tana ceton ko da gwanin iyo, domin gajiya da ƙarfin kogi ba su san gwani ba.

Ana iya auna iyakar?

Ana iyawa. A Birtaniya, fafutukar ɗan majalisa Samuel Plimsoll ta kai ga dokar 1876 da ta tilasta zana layi a jikin jiragen kasuwanci, wanda ke nuna iyakar lumewarsu. Har yau manyan jiragen teku na ɗauke da wannan alama. A Najeriya, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta haramta tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya.

Layin fenti a jikin kwale-kwale ba shi da tsada, kuma ko wanda bai yi karatu ba zai gane shi. Tambayoyin da suka kamata a yi wa hukumomi bayan kowane hatsari a fili suke: mutum nawa aka amince jirgin ya ɗauka, wa ya ƙirga su a mashiga, kuma riguna nawa ke ciki lokacin da ya tashi?