Madarar da aka zubar a Windscale

Ran 10 ga Oktoba 1957 ma'aikatan tashar nukiliya ta Windscale, a arewa maso yammacin Ingila, suka leƙa cikin tukunyar da ake haɗa sinadarin bam, suka tarar sandunan yuraniyom sun yi jajir. Zafi ya fasa kwanson da ya rufe su, gubar da ke ciki ta bi iska ta haye bututun hayaƙi.

Wadda ta fi tayar da hankali ita ce ayodin-131. Takan sauka kan ciyawa, saniya ta ci, ta fito a nono, ta je ta taru a maƙogwaron yaro. Shi ya sa hukuma ta hana sayar da madarar gonakin yankin, faɗin murabba'in kilomita 500, aka yi makonni ana tuttular da ita.

Abin da ya rage ɓarnar kuwa matatar da masani John Cockcroft ya dage sai an ɗora a bakin bututun ce, alhali injiniyoyi na yi masa ba'a wai asarar kuɗi ce. Firaminista Harold Macmillan ya danne cikakken rahoton binciken, gudun kada Amurka ta ƙi haɗa kai da su kan makaman nukiliya. Sai a 1988 aka fito da shi.