'Ya'yan Zango da Tamaular Ghana

Tun kafin zuwan Turawa fataken Hausa suna bin hanyar Gwanja neman goro. Sukan biyo ta Yawuri, maƙwabciyar Zuru, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, har su sauka kasuwar Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a shekarar 1892, sai suka bazu cikin garuruwan kudu, kamar Kumasi da Akra. Unguwannin da suka sauka su ne ake kira Zango har wa yau. Banda fatake kuma akwai waɗanda aikin soja da na ɗan sanda ya kai su can, domin rundunar da Ingilishi suka kafa a ƙasar da sunan Hausawa aka san ta. A Zango aka haifi 'ya'yansu da jikokinsu, yawancinsu ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato da ido ba.

To, da wasan tamaula ya kafu, sai yaran Zango suka yi fice a cikinsa. Wanda sunansa ya fi tashi shi ne Usman Saidu, wanda aka fi sani da Baba Yara, haifaffen Kumasi a 1936. Ya yi wa Asante Kotoko wasa, sa'an nan a 1961 aka mai da shi ƙungiyar Real Republicans, wadda aka kafa zamanin Shugaba Nkrumah don a tara gwanayen ƙasa wuri guda. Saboda gudunsa da iya yanka aka yi masa laƙabi da sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma, jaridu kuwa suka riƙa buga sunansa a matsayin abin alfaharin Ghana. A watan Maris 1963 motar ƙungiyarsu ta yi haɗari a Kpeve, ya sami rauni a ƙashin baya. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, amma bai sake tafiya da ƙafarsa ba. Ya rasu a watan Mayu 1969, Allah ya jiƙansa.

Wata shida bayan rasuwarsa, ran 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Dokta Busia ta kafa doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita cikin kwana 14. Dubban mutane suka kwashe kaya suka nufi Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashe, cikinsu har da waɗanda aka haifa a Zango. Watau unguwannin da suka ba ƙasa 'yan wasa su ne aka wayi gari ana tambayar asalinsu. Nijeriya ma ta yi irin wannan kora a 1983, 'yan Ghana da yawa suka sha wahalarta.

Shekara tara bayan dokar Busia, a 1978, Ghana ta ci kofin Afirka a gida, ta doke Uganda da ci 2 ba ko ɗaya. Cikin taurarin wannan ƙungiya akwai Muhammadu Polo na unguwar Nima a Akra, da Abdul Razak na Kumasi. A shekarar ne mujallar France Football ta zaɓi Abdul Razak gwanin Afirka. Nan da nan sunayen Zango suka koma kanun labarai. Daga baya, zamanin Shugaba Kufuor, aka sa wa babban filin wasan Kumasi sunan Baba Yara. A 2022 kuma wani ɗan Nima, Muhammadu Kudus, ya ci wa Ghana ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a gasar duniya.

Wannan hali ba a Ghana kaɗai yake ba. Da Faransa ta ci kofin duniya a 1998, jaridunta suka yi ta yabon haɗuwar baƙi da farare da Larabawa a ƙungiya ɗaya, ga Zidane a gaba, wanda iyayensa mutanen Aljeriya ne. Mesut Ozil, jikan Turkawa, ya ci wa Jamus kofi a 2014, amma a 2018 ya bar ƙungiyar ƙasar, yana kukan cewa ranar nasara Bajamushe ne, ranar faɗuwa kuwa baƙo. A 2021 Bukayo Saka, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya kasa cin bugun daga kai sai mai tsaron gida a wasan ƙarshe da Italiya, aka yi ta zaginsa a intanet saboda launin fatarsa.

Mai karatu ya lura, yabon jarida kwanakinsa kaɗan ne, yana tafiya da cin ƙwallo. In da shi za a auna zama ɗan ƙasa, to, ashe maƙwabcin Baba Yara mai sayar da goro ba shi da rabo, alhali a gari ɗaya aka haife su, haraji ɗaya suka biya. Ma'aunin gaskiya shi ne haihuwa da zama da hidimar ƙasa, kuma ranar da aka sha kashi a fili ita ce ranar da akan gane ko ƙasa ta karɓi 'ya'yanta.