Balas da Littafin Mai Mota a Hanyar Tambuwal

Layin dogo bai isa Sakkwato ba. A Ƙauran Namoda ya tsaya cikin 1929. Saboda haka mota ce ta gaji jakin fatake a hanyar da ta ratsa Tambuwal zuwa Jega da Kwantagora. Mai motoci yakan yanka wa direba balas, watau kuɗin da zai kawo bayan an fitar da na mai, da na ɗan kamasho, da na yaron mota. Abin da ya shigo hannu, shi ake kira riba.

To, a nan gizo ke saƙa. Mota kullum cin kanta take yi, taya na suɗewa, inji na tsufa, amma ba kowa ke ware kuɗin sayen wata ba, balle ya buɗe wa kowace mota shafinta a littafi. Sai lafiyayya ta riƙa ciyar da gurguwa, maigida bai sani ba. Da aka karya darajar Naira a 1986, kayan gyara suka yi tsada, masu motoci da dama suka tarar ashe uwar kuɗi suka daɗe suna ci, motocin kuwa aka ɗora su bisa duwatsu a garejin makanikai.