Daga Cukun Rokfor Zuwa Albasar Galmi

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya, mu leƙa tarihin wata shari'a da ta shafi abin da muke ci: shin sunan gari dukiya ce da doka za ta iya karewa?

Faransawa sun daɗe da amsa wannan tambaya. A kudancin ƙasarsu akwai wani ƙauye, Rokfor, wanda ya shahara da cuku na nonon tumaki. Sirrin cukun yana cikin kogunan dutsen Kombalu, inda iska mai sanyi da laima ke ratsa tsagogin dutse, cukun ya nuna a hankali har ya yi shuɗin zane a cikinsa. A 1411 Sarki Charles na Shida ya ba mutanen ƙauyen ikon nunar da wannan cuku su kaɗai. Amma ka san halin kasuwa, duk abin da ya yi suna sai an yi jabunsa. Wasu masu cuku suka riƙa laƙaba wa kayansu sunan Rokfor, har a 1666 majalisar shari'a ta Tulus ta yanke hukuncin hukunta masu yin haka. Duk da haka ba a daina ba, sai a 1925 da aka kafa doka sukutum a kan cukun, ya zama cuku na farko a Faransa da aka kare sunan asalinsa.

Daga nan abin ya bazu. An ƙulla yarjejeniyar Lisbon a 1958, Tarayyar Turai kuma ta fito da nata tsarin a 1992. Amurkawa dai ba su taɓa son tsarin sosai ba, a ganinsu sunaye irin su famesan sun riga sun zama na kowa.

To ina ruwanmu? Ruwanmu na nan a Galmi, cikin jihar Tawa a Nijar. Duk wanda ya san kasuwar albasa daga Agadas har Akara ya san 'yar Galmi, ja mai yaji. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na Senegal ya nemi hukumar OAPI, wadda ke Yawunde, ta yi masa rajistar irin albasa da sunan Violet de Galmi. Wato manoman da kakanninsu suka tace irin nan shekara da shekaru, su wayi gari sunan garinsu yana hannun wani. Manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, kamfanin ya saki sunan.

A 2013 OAPI ta yi rajistar sunayen asali na farko: masoron Penja da farar zumar Oku a Kamaru, da gahawar Ziama-Macenta a Gini. A 2021 albasar Galmi ta samu tata, tare da kilishin Nijar.

Batun kilishin nan ne ya fi ɗaukar hankalina, domin sana'a ce da iyaka ba ta raba ba. Ana shanya shi a Maradi, ana shanya shi a Kano. Sai dai sunan da aka kare shi ne kilishin Nijar, ba kalmar kilishi ita kaɗai ba, kuma Nijeriya ba ta cikin ƙasashe 17 na OAPI. Mahaucin Kano zai ci gaba da kiran kayansa kilishi, abin da ba zai yi ba a waɗannan ƙasashe shi ne ya ce na Nijar ne.