Durɓi ta Kusheyi: Ƙauyen da Ya Girmi Birni

Da yawa daga cikinmu muna bi ta Ƙofar Durɓi kowace rana, a ƙafa ko bisa babur, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi inda sunan ya fito ba. Bari mu fita ta wannan ƙofa, mu miƙe gabas kamar kilomita 30, zuwa ƙasar Mani. Can akwai wani ƙauye da ake kira Durɓi ta Kusheyi.

Baƙo ba zai ga abin mamaki ba da farko. Gonakin gero ne da dawa, da kukoki tsaitsaye. Amma in ya duba da kyau zai ga waɗansu tuddai da ba su yi kama da sauran ƙasa ba, gama hannun mutum ne ya tara su. Kusheyi ke nan, wato kaburbura, daga gare su kuma ƙauyen ya sami suna.

Bisa ga labarin da kakanni suka bar mana, a nan Durɓawa suka yi sarauta tun birnin Katsina bai zama mazaunin sarki ba. Na farkonsu Kumayau ne, jikan Bayajida. Na ƙarshe kuwa Sanau, wanda Korau, mutumin 'Yandoto, ya kayar a kokawa ya kashe shi, ya hau gadon. Duk da haka ba a shafe sunan ba. Durɓi ya zama ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki, a Katsina har da Maraɗi.

Labarin baka ke nan. To, me ƙasa ta faɗa? A 1907 Bature Palmer ya haƙa waɗansu daga cikin tuddan, a zamanin Sarki Dikko. A 1992 masana daga Jamus suka sake haƙa waɗansu uku. Abin da ya fito, a ganinmu, ya isa ya sa mutumin birni ya rage raina ƙauye. An sami kayan ado na zinariya, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun wuya na gilashi, da tasoshin ƙarfe, har da wadda ta fito daga ƙasashen Gabas. An kuma sami wuri. Ku tuna fa, wuri ba a kogin Hausa ake tsintarsa ba, daga Tekun Indiya yake zuwa. Sai da ya ratsa teku da hamada, daga hannun wannan fatake zuwa wancan, kafin a kwantar da shi tare da wani babba a ƙasar Mani, tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Ashe waɗannan mutane ba a ɓoye suke ba. Suna ciniki da duniyar Musulmi, amma suna binne manyansu da dukiyarsu, bisa ga al'adar iyayensu.

An kai kayan birnin Mainz domin gyara, suka daɗe ƙwarai a can, har yaran da aka haifa a shekarar haƙar suka yi aure. Sai a 2014 aka komo da su Nijeriya. Tuddan kuwa suna nan inda suke, manoma suna huɗa kewaye da su kowace damina.